Harshen Airish yana raye kuwa, ko Turanci ya cinye shi?

Wata baiwar Allah, ma'aikaciyar jinya, ta aiko da tambaya. Ta samu aiki a wani asibiti a Dublin, babban birnin Ayalan, za ta tafi da 'ya'yanta biyu, namiji ɗan shekara 6 da mace 'yar shekara 13. Ta ce ta karanta cewa harshen Airish ne harshen hukuma na farko a ƙasar, amma duk ɗan Ayalan da ta taɓa ji a rediyo ko talabijin Turanci yake yi. Tana so ta san ko harshen yana nan da ransa, kuma ko sai ta koye shi kafin zama ya yiwu.

'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki ta wannan ɓangaren. Da Turancinki za ki yi aiki, ki yi cefane, ki kama haya, ki yi jayayya da mai gidan hayar idan ta kama. A yau da wuya ki haɗu da babban mutum haifaffen ƙasar wanda ba ya jin Turanci. Abin da kika karanta kuma gaskiya ne: sashe na 8 na kundin tsarin mulkin 1937 ya ce Airish, wanda masu shi ke kira Gaeilge, shi ne harshen ƙasa kuma harshen hukuma na farko, Turanci na biyu. Tsakanin abin da ke rubuce a kundin da abin da kunne ke ji a titi akwai rata mai faɗi, kuma a cikin wannan ratar amsar tambayarki take.

Mu fara da ƙidayar jama'a ta 2022, domin ita ke rikita mutane. Ƙasar tana da mutum miliyan 5.1 da 'yan kai. An tambayi kowa daga shekara 3 zuwa sama ko yana iya Airish, kusan mutum miliyan 1.9 suka ce suna iyawa, wato kashi 40 cikin ɗari. Wanda ya tsaya a nan zai ɗauka harshen ya cika kasuwa. To amma an ƙara tambaya: yaushe kake yin sa? Waɗanda suka ce kullum suna magana da shi a wajen makaranta ba su wuce 72,000 ba, ba su ma kai kashi 2 cikin ɗari ba. Kusan ɗaya cikin huɗu na masu cewa sun iya sun amsa da bakinsu cewa ba sa taɓa yin sa, fiye da rabi kuma sun ce ba su iya shi sosai ba. A wannan ƙidayar, masu yin harshen Folan a gida sun haura 120,000. Ke nan a kwana guda a Dublin, kin fi kusa da jin Folanci a cikin bas fiye da jin harshen ƙasar.

Yawancin wannan kashi 40 ɗin iyawar makaranta ce. Kamar a tambayi wanda ya yi allo yana yaro ko yana jin Larabci: zai karanta, zai gane kalmomi, yana girmama harshen, amma a haɗa shi da Balarabe su yi cinikin raƙumi sai ido ya raina fata. Su kansu mutanen Ayalan suna da sunan wannan hali, cúpla focal, wato 'yan kalmomi biyu-uku. Akwai jimla guda da suke yi wa kansu dariya da ita, cewa ita kaɗai ta rage a kan kowa bayan shekara 13 ko 14 na darasi: An bhfuil cead agam dul go dtí an leithreas? Ma'anarta, malam a ba ni izini in je bayi.

Yadda aka kai ga haka ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, don mutane suna son su taƙaita shi da cewa Ingila ta hana harshen, alhali labarin ya fi haka ɗaci. Airish tsohon harshe ne daga dangin harsunan Keltik, ɗan'uwan Gaelik na Sikotilan, kuma yana da rubutaccen adabi da ya girmi na yawancin harsunan Turai ta arewa. A ƙarni na 14 ma shi ke haɗiye baƙi: dokokin Kilkenny na 1366 an yi su ne don a hana Turawan Ingila da suka zauna a tsibirin komawa yin Airish, saboda jikokinsu sun fara mance Turanci. Abin ya juya ne bayan an karya sarakunan gargajiya a yaƙin Kinsale na 1601, manyansu suka bar ƙasar a 1607, aka ƙwace filaye aka raba wa waɗanda aka kawo daga Ingila da Sikotilan. Daga nan kotu da takardar fili da kasuwar birni duk suka koma Turanci. Airish ya zama harshen talaka mai noman haya, wanda ba shi da fada ba shi da alƙali.

Duk da haka, kafin 1845 masana suna ƙiyasta masu yin sa da miliyan 3 zuwa 4, cikin al'ummar da ta haura miliyan 8. Sai annoba ta faɗa wa dankalin Turawa, wannan dai da a kasuwanninmu ake ce wa Airish, wanda shi ne abincin talakan ƙasar safe da dare. Tsakanin 1845 da 1852 kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu da yunwa da cututtukanta, wasu kimanin miliyan ɗaya suka yi hijira. Yunwar ta fi tsanani a yamma da kudu, daidai inda harshen ya fi ƙarfi. Ƙidayar 1851 ta samu masu Airish kusan miliyan ɗaya da rabi. Zuwa 1911 sun koma ƙasa da kashi 18 cikin ɗari.

Abin da ya ƙarasa aikin kuwa a cikin gida aka yi shi. Uwar da ta san ɗanta Boston ko Liverpool zai tafi neman abinci, ta ga Airish ba zai ba shi ko kwano ɗaya ba a can. Makarantun gwamnati da aka kafa a 1831 Turanci zalla suke koyarwa, kuma ana ba da labarin wani ɗan itace, bata scóir, da ake rataya wa yaro a wuya, duk sanda ya yi Airish a yi masa tsaga a jiki, a ƙirga tsagar a yi masa bulala. Duk wanda aka taɓa cin tararsa a makarantar boko don ya yi "banakula" ya san wannan ɗanɗanon. Abin da ke da ciwo shi ne sau da yawa iyayen da kansu suke goyon bayan hukuncin, wasunsu ma ba su jin Turancin da suke tilasta wa yaron. Daniel O'Connell, babban jagoran Katolikan ƙasar a wancan ƙarni, ya tashi da Airish a bakinsa, amma da Turanci ya yi siyasarsa, kuma bai ɓoye cewa yana ganin Turancin ya fi amfani ga jama'arsa ba. Kwalejin horar da limaman coci ta Maynooth, wadda aka buɗe a 1795, ita ma da Turanci take aiki. A cikin zuriya biyu ko uku gida kan tashi daga kaka mai Airish zalla, zuwa uwa mai harshe biyu, zuwa jika mai Turanci zalla.

Bari in ɗan ratse. Bahaushe idan ya ji wannan labari yakan sa kansa a matsayin mai Airish, ya tuna gidajen 'yan boko a Abuja inda yara ke amsa gaisuwar kakarsu da Turanci. Wannan akwai shi. Amma a faɗin Arewa, Hausa ta fi kama da Turancin labarin. A Bauchi da Gombe da Filato da kudancin Kaduna akwai ƙananan harsuna da dama da iyaye ke ji amma 'ya'ya sun koma Hausa, ba tare da wata doka ta tilasta musu ba, kasuwa da makaranta da aure suka yi aikin. Hanyar da Airish ya bi ke nan sak.

Yunƙurin farfaɗowa ya fara da ƙungiyar Conradh na Gaeilge a 1893, wadda Douglas Hyde da Eoin MacNeill suke cikin waɗanda suka kafa ta. Hyde ɗin, ɗan limamin Furotesta ne, shi ya zama shugaban ƙasa na farko a 1938. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi wa mulkin Birtaniya tawaye a 1916 a azuzuwan wannan ƙungiya suka fara haɗuwa. Da aka samu 'yancin kai a 1922, sabuwar gwamnati ta sa Airish ya zama dole a makaranta da shiga aikin gwamnati. A ganina a nan aka yi kuskuren da har yau ake biyan bashinsa. An ɗora wa malamin firamare nauyin da ya kamata gida da kasuwa da ofis su ɗauka tare, alhali ministoci da manyan ma'aikata suna ci gaba da harkarsu da Turanci, ƙauyukan da ke da harshen na asali kuma suna ta zubar da matasa zuwa Ingila da Amurka saboda babu aikin yi. Har zuwa 1973, ɗalibin da ya faɗi Airish ya faɗi jarrabawar kammala sakandare gaba ɗaya, ko da ya cinye lissafi da kimiyya. Sharaɗin shiga aikin gwamnati ma an janye shi a 1974. Za ki haɗu da dattawa a asibiti waɗanda har yanzu ransu ke ɓaci in an ambaci darasin, kuma za ki haɗu da wasu da ke cizon yatsa don ba su riƙe shi ba. Sau da yawa mutum ɗaya ne yake ɗauke da duka biyun.

To ina ake yin sa a matsayin harshen gida? A yankunan da ake kira Gaeltacht, waɗanda gwamnati ta shata iyakarsu a 1956. Yawancinsu a gaɓar teku ta yamma suke: Gaoth Dobhair da tsibirin Toraigh a Donegal, kudancin Connemara da tsibiran Aran a Galway, yammacin Dingle a Kerry, da 'yan gutsattsari a Mayo da Cork da Waterford. Akwai kuma Ráth Chairn a Meath, kusa da Dublin, inda aka kwaso iyalai daga Connemara aka ba su gonaki a 1935, suka zo da harshensu suka riƙe. Mazauna Gaeltacht duka sun ɗan haura 100,000, amma masu yin Airish kullum a wajen makaranta a cikinsu kimanin 20,000 ne. Wani babban bincike da aka yi wa gwamnati a 2007 ya nuna cewa idan masu yin harshen kullum suka gaza kashi 67 cikin ɗari na gari, Turanci ne zai zama harshen dandali, kuma garuruwan da suka tsallake wannan ma'auni kaɗan ne. Yanzu har tsadar gidaje ta shigo cikin matsalar: wuraren suna da kyan gani, masu kuɗi daga birni suna sayen gidajen hutu, saurayin garin da ke son ya yi aure ya zauna kusa da iyayensa ya rasa inda zai gina, sai ya tafi Galway, 'ya'yansa su tashi cikin Turanci.

Wanda ya je Connemara da Airish ɗin littafi yakan sha mamaki, don mutanen da suka gaji harshen ba sa jin kunyar cusa Turanci a ciki. Kalmar hukuma ta keke ita ce rothar, amma dattijon ƙauye zai ce mo bhicycle, ya ɗauki kalmar Turanci ya lanƙwasa mata kai da nahawun Airish. Suna kuma liƙa wa aikatau na Turanci ɗafin -áil su mai da shi nasu. Ingausa ke nan irin tasu, kuma gardamar da ake yi a kanta ita ce irin tamu: mai karanta labarai ya ce na'ura mai ƙwaƙwalwa, ɗan kasuwa ya ce kwamfuta. Abin dariyar shi ne ɗan birni da ya koya a aji ya fi tsantseni da tsarkin kalma fiye da wanda ya sha harshen a nono. Karin harshe manya uku ne, na lardunan Munster da Connacht da Ulster, sai daidaitaccen rubutu da gwamnati ta fitar a 1958, wanda ake rubutu da shi amma ba harshen garin kowa ba ne.

Wannan lanƙwasa kan kalma da na ambata ita ce abin da ya fi wahalar da mai koyo. Mu a Hausa wutsiyar kalma muke sauyawa, mu ce jirgi, jirgina, jirginmu. Su kai suke taɓawa: jirgin ruwa bád ne, jirgina mo bhád, ana furta shi da w, jirginmu ár mbád, ana furta shi da m. Aikatau ne ke fara jimla, kafin mai aikin. Wani abin kuma zai yi miki daɗin kunne, don ya fi kusa da tunanin Bahaushe fiye da na Bature. Ba sa cewa mutum shi ne mai yunwar. Cewa suke Tá ocras orm, yunwa tana kaina, kamar yadda muke cewa yunwa ta kama ni. Baƙin ciki ma a kan mutum yake, abin hannu kuma a wurinsa yake. Inda mu muke cewa wane yana jin Hausa, su cewa suke harshen yana wurinsa.

A nan ne za ki fara jin Airish ba tare da kin sani ba, domin yana kwance a ƙarƙashin Turancin da za a yi miki kullum. Ɗan Ayalan zai tambaye ki "Have you any Irish?", fassarar waccan jimlar ce kai tsaye. Airish ba shi da kalmar i ko a'a. Ana maimaita aikatau ne, kamar a ce za ka zo, ka ce zan zo. Shi ya sa idan kika tambayi majinyaci ko ya sha magani zai ce "I did", ko ki tambaya ana sanyi ya ce "It is". Idan kuma ya ce miki "I'm after taking it", kada ki ɗauka nema yake. Yana nufin yanzun nan ya sha, domin a Airish ana cewa ina bayan yin abu idan an gama shi. Wannan ki riƙe shi da kyau, a aikinku rashin fahimtarsa na iya sa a ba mutum magani sau biyu. Mutumin da ke wannan magana wataƙila kakan kakansa ne na ƙarshe da ya yi Airish a gidansu, amma ƙashin harshen yana nan a jimlarsa.

Da ido kuwa, ko'ina za ki gan shi. Allunan hanya harshe biyu ne, Airish a sama a karkace, Turanci a ƙasa da manyan baƙaƙe. Dublin a allon Baile Átha Cliath ne. Firaminista Taoiseach ake ce masa ko a labaran Turanci, ana furta shi kamar Tishak, mataimakinsa Tánaiste, majalisar wakilai Dáil, ɗan sanda Garda. Wasiƙar ofis za ta iya fara miki da A chara, ya aboki, ta ci gaba da Turanci, ta rufe da Is mise le meas. Wasu suna kiran wannan ado kawai, kuma akwai gaskiya a zargin, don ɗan siyasa yakan buɗe jawabi da jimla biyu na Airish ya koma Turanci har ƙarshe. Amma ado ma yana da nauyinsa. A 2011, da Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta kai ziyarar da wani mai sarautar Birtaniya bai taɓa kaiwa Jamhuriyar Ayalan ba, ta buɗe jawabinta a fadar Dublin da A Uachtaráin agus a chairde, ya shugaba da abokai. Kalmomi biyar ne, amma daga bakin magajiyar gadon sarautar da a ƙarƙashinta harshen ya durƙushe suka fito, kuma ƙasar ta daɗe tana zancensu.

Inda harshen ke ƙaruwa a yau birane ne, abin da masu farfaɗowar farko ba su zata ba. Tun shekarun 1970 iyaye suka fara kafa makarantun da ake koyar da komai da Airish, Gaelscoil, kuma a wurare da dama neman gurbi ya fi kujerun da ke akwai. Gidan rediyon Raidió na Gaeltachta ya fara a 1972, tashar talabijin da yanzu ake kira TG4 ta fara a 1996, kuma ta yi dabarar nuna wasannin ƙwallo da sharhin Airish, har wanda bai damu da harshen ba ya zauna ya kalla. Tarayyar Turai ta karɓe shi a matsayin harshen hukuma a 2007, ya samu cikakken matsayi a 2022, abin da ya buɗe wa matasa aikin fassara mai albashi a Brussels. Gyaran doka na 2021 ya sa burin cewa zuwa 2030 kashi 20 na sabbin ma'aikatan gwamnati su kasance masu iya shi. Duk bazara dubban 'yan sakandare suna tafiya Gaeltacht na mako uku, su sauka a gidajen mutane, kuma a kwalejojin da ke da tsanani ana iya mayar da yaro gida idan aka kama shi yana Turanci. Ki duba yadda bata scóir ya juya.

A Ayalan ta Arewa, wadda ke ƙarƙashin Birtaniya, maganar ta fi zafi, don harshen ya haɗe da rigimar wane ne ɗan ƙasa. Wasu 'yan iyalai a titin Shaw's Road na Belfast sun gina gidajensu da kansu a 1969 don su tarbiyyantar da yara da Airish, suka buɗe makaranta a 1971 ba tare da tallafin hukuma ba. Sai a 2022 majalisar Birtaniya ta yi dokar da ta ba harshen matsayin hukuma a can. Idan kika je Belfast ziyara, ki san cewa allon titi mai harshe biyu a wata unguwa abin alfahari ne, a wata kuma abin faɗa.

Hukuncina dai shi ne harshen ba ya hanyar ɓacewa daga duniya: masu karatu da rubutu da waƙa da shi suna nan, suna ma ƙaruwa. Abin da ke cikin haɗari shi ne garin da yaro zai fita wasa ya tarar Airish ne harshen dandali ba tare da kowa ya yanke shawarar hakan ba. Ɗan birni mai Airish zaɓa yake yi kullum, sai ya nemi abokan magana, wani lokaci har ya maƙala ɗan zoben da ake kira fáinne a ƙirjin riga don a gane shi. Makaranta tana iya samar da irinsa dubu-dubu, amma har yau ba ta maido da gari guda da ya riga ya koma Turanci ba.

Game da yaranki: ƙaramin zai yi Airish a aji kamar kowane yaro, kuma kada ki ji tsoro, yaron da ya riga ya saba da Hausa da Turanci kunnensa a buɗe yake. Babbar, tun da ta wuce shekara 12 kuma a waje ta yi karatunta, akwai damar a nema mata a ɗauke mata darasin ta hannun shugaban makaranta. Kafin ki sa hannu ki tambaye ta abin da take son zama, domin koyarwa a firamare a ƙasar ba ta yiwuwa sai da Airish. Kuma kada wani ya ce miki harshen na fararen fata ne kawai. Ola Majekodunmi a Legas aka haife ta, ta tashi a Dublin, ta yi makarantun Airish, ta zama mai gabatar da shiri da harshen a gidan rediyon Raidió na Life.

Ke kuma, inda harshen zai fara cin karo da ke shi ne takardar sunayen majinyata. Siobhán ana kiran ta Shivon, Niamh kuma Niv, Aoife Ifa ce, Tadhg Taig ne. Ƙa'idar da za ta cece ki ita ce bh da mh suna ba da v ko w. Wannan 'yar alamar da ke kan wasali, fada, kada ki yar da ita a rubutu, matsayinta kamar ƙugiyar ƙ ne a wurinmu, yadda kafa da ƙafa ba ɗaya ba ne: Seán suna ne, sean kuma tsoho. Ki koyi go raibh maith agat, na gode, da slán, sai an jima. Tsohuwa a kan gado za ta yi murmushi in ta ji su daga bakinki. Sannan idan kika je ƙofar bayi kika ga ɗaya an rubuta Fir ɗaya Mná, kada harafin farko ya yaudare ki da lissafin Turanci. Fir maza ne. Taki ita ce mai M.